Faifan da aka jira shekara 17: yadda masoya da masu sharhi suka raba gari kan American Football

Ranar 21 ga Oktoban 2016 wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna American Football ta saki faifanta na biyu, shekara 17 bayan na farko. Sunan wasan ƙwallo suka ara, amma babu abin da ya haɗa su da fili, jita da ganga ne sana'arsu. Kafin mako ya zagayo ra'ayi ya rabu. Mujallu da shafukan sharhin kiɗa galibinsu sun yaba, yabo mai ɗan sanyi-sanyi, amma dai yabo ne. Masoyan ƙungiyar kuwa, waɗanda suka daɗe suna roƙon a dawo, da yawansu sun saurara sau ɗaya ko biyu suka ja tsaki. Bayan shekara biyu da 'yan watanni ƙungiyar ta fitar da faifai na uku, wanda ya fi na biyun nisa da salon da aka san ta da shi, sai ga ɓangarorin biyu sun haɗu suna tafi. Wanda ya fi kama da abin da ake kewa shi aka yi wa tsaki, wanda ya yi nisa da shi aka rungume. Dalilin wannan baubawan lissafi yana cikin abin da ya faru da faifan farko a shekarun da masu shi ba sa nan.

Irin kiɗan da suke yi ana ce masa emo, reshe ne na rok da ya tsiro a birnin Washinton a tsakiyar shekarun 1980, daga cikin matasa masu kiɗan fank (punk) na sauri da ihu. Ƙungiyoyi irin su Rites of Spring suka riƙe zafin kiɗan, amma suka karkata bakin waƙar daga caccakar hukuma zuwa abin da ke cin mutum a rai: rabuwa, nadama, kaɗaici. A shekarun 1990 salon ya samu gindin zama a garuruwan tsakiyar Amurka, musamman jihohin Illinois da Wisconsin, inda ɗaliban jami'a ke wasa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen haya, ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suna buga musu faifai. Da aka shiga shekarun 2000 manyan kamfanoni suka gano akwai kuɗi a ciki. My Chemical Romance da Fall Out Boy da Paramore suka cika tashar MTV, ga baƙaƙen tufafi ga kwalli a ido. Tun daga nan gidan emo ya dare biyu, wasu na ganin na ɗakin ƙasa ne na gaske, na talabijin kuwa haja ce kawai. Duk wata gardama da za ka ji tsakanin masoyan wannan kiɗa, in ka tona, za ka tarar da wannan tsohuwar gaba a ƙarƙashinta.

American Football 'yan ɓangaren ɗakin ƙasa ne. Ɗalibai uku ne na Jami'ar Illinois da ke garin Urbana suka kafa ta a 1997: Mike Kinsella mai rera waƙa da kaɗa jita, Steve Holmes mai jita, da Steve Lamos mai ganguna, wanda kuma yake busa ƙahon ƙarfe irin na 'yan badujala. Kinsella ba baƙo ba ne a harkar, ya riga ya yi kiɗan ganga a ƙungiyar Cap'n Jazz tare da wansa Tim. Sun fitar da ƙaramin faifai mai waƙa 3 a 1998 a kamfanin Polyvinyl, wani ɗan kamfani na yankinsu. A watan Mayun 1999, karatu ya ƙare kowa yana shirin haɗa kayansa, suka shiga sutudiyo a nan Urbana suka naɗi waƙa 9 cikin kwana 4. Faifan ya fito a Satumba, kuma kafin ya fito ɗin sun riga sun yanke shawarar watsewa. Ba su zaga gari-gari suna tallarsa ba. Wasannin da suka taɓa yi a duk rayuwar ƙungiyar kaɗan ne, gaban mutanen da ba su taka kara sun karya ba.

Ya kamata a tsaya a kan yadda faifan yake a kunne, domin a nan rikicin yake. Babu ihu a cikinsa, babu jita mai gurnani. Jita biyu ne masu tsabtar sauti, an ɗaure tsirkiyoyinsu ta hanyoyin da ba a saba ba, kowacce tana maimaita ɗan gajeren zubi nata, zubin biyu suna saƙa da juna har ka kasa gane inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta ɗauka. 'Yan ƙungiyar sun sha faɗin cewa sun koyi wannan daga Steve Reich, mawallafin kiɗan nan na Amurka da ya shahara da maimaita ƙaramin zubi har ya zama wani abu dabam. Gangar Lamos ta fi kama da ta 'yan jaz, tana ƙirga bugun da ba ya faɗawa daidai inda ƙafa ke jira. Lokaci-lokaci ƙahon ya shigo, a hankali, kamar mai busar bai gama yanke shawara ba. Muryar Kinsella kuwa siririya ce, ba ta ƙware ba, kuma an binne ta a cikin kiɗan maimakon a ɗora ta a kai. Kalmomin kaɗan ne, wasu daga littafin da yake rubuta sirrinsa tun yana ƙarami aka ciro su, kuma biyu daga cikin waƙoƙin ma babu murya ko kaɗan. Yana da shekara 22 a lokacin. Abin da wannan ya haifar shi ne faifai mai yawan fili a ciki. Mawaƙin ya faɗi jimla ɗaya a kan rabuwa, ya yi shiru na minti biyu ko uku jitoci suna ta zagaye, mai sauraro kuma ya cika wannan shirun da nasa labarin.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Lamos ya yi zurfi a karatu har ya zama malami a Jami'ar Colorado da ke Boulder. Holmes ya kama aikin ofis. Kinsella kaɗai ya ci gaba da kiɗa a matsayin sana'a, yana waƙa shi ɗaya da sunan Owen. Faifan kuwa ya ci gaba da tafiya ba tare da su ba. Da farko ta hannun masu musayar waƙoƙi a intanet, zamanin Napster da LimeWire, daga baya ta shafukan matasa da YouTube. Wajen ƙarshen shekarun 2000 wasu sababbin ƙungiyoyi, musamman a birnin Filadelfiya, irin su Algernon Cadwallader, suka farfaɗo da salon tsakiyar Amurka na shekarun 1990, kuma duk wanda ya bi sawunsu baya sai ya iske kansa a ƙofar wannan faifai. Hoton bangonsa ma ya zama abin girmamawa: saman wani farin gidan katako da dare, taga ɗaya tana haske. Gidan yana lamba 704 a titin West High a Urbana, mai ɗaukar hoto Chris Strong ne ya ɗauka, shi ne kuma ya zauna a ciki. Babu ko ɗaya daga cikin makaɗan uku da ya taɓa haya a gidan, amma hakan bai hana matasa yin tattaki daga nesa don su ɗauki hoto a gabansa ba.

A 2014 Polyvinyl ya sake buga faifan da ƙarin tsofaffin naɗe-naɗe. Da aka buɗe oda, cunkoson masu saye ya durƙusar da shafin kamfanin. Faifan da a 1999 bai shiga Billboard 200 ba, wato jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka, sai ga shi ya hau matsayi na 68 a cikinsa. A shekarar ce ƙungiyar ta sake haɗuwa, suka ƙara ɗan'uwan Kinsella, Nate, a kan jita mai kaurin amo, suka yi wasa a garinsu, sannan dare uku a zauren Webster Hall na birnin Niyok, tikiti ya ƙare tas. Mutanen da a da ba sa cika falo, ga su a gaban dubban 'yan kallo suna rera musu kalmomin da su kansu sai da suka sake koya.

To, a nan ne maganar take. Waɗannan dubban mutane yawancinsu ba su riski ƙungiyar a zamaninta na farko ba. Sun tarar da faifan ne kamar marayan da babu mai shi, babu faifai na biyu da zai zo ya gyara ma'anar na farko, babu ƙungiyar da za ta fito ta ce ba haka nake nufi ba. Kowa ya ɗauka ya shigar da shi ɗakinsa, ya ɗaura masa shekarunsa na 17 ko 20, da yarinyar da ta tafi, da garin da aka bari. Shekara 15 ana wannan, har faifan ya fi zama na masu sauraro a kan masu shi. Da masu shi suka dawo da sabon aiki, ma'aunin da aka ɗora su a kai shi ne abin da kowane mai sauraro ya ji a ransa lokacin ƙuruciya, kuma babu makaɗin da zai iya cin wannan jarrabawa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Su kuma makaɗan suna da nasu dalilin na shiga sutudiyo, dalili mai sauƙi. Duk abin da suka mallaka waƙa 12 ne, 9 na babban faifai da 3 na ƙarami. Shekara biyu suna zagaye da su daga Amurka zuwa Turai zuwa Japan, magidanta masu 'ya'ya suna maimaita kukan samartaka dare bayan dare. Ko dai su sake watsewa, ko su rubuta sabo. Suka zaɓi na biyu, amma yanayin ya bambanta da na 1999. A da suna gari ɗaya, su yini suna maimaita zubi guda har ya nuna. Yanzu kowa yana wurinsa da aikinsa da iyalinsa, sai dai a tura wa juna gutsuren kiɗa ta intanet, a haɗu in an samu sarari. Suka naɗi faifan a sutudiyon ARC da ke Omaha a jihar Nebraska, tare da mai haɗa sauti Jason Cupp. Shi ma waƙa 9 ne, shi ma sunan ƙungiyar kawai aka sa masa, shi ya sa ake kiransa LP2, wato faifai na biyu. A bangonsa aka sa gidan nan dai, amma wannan karon daga ciki, ana kallon ƙofa.

Jitocin nan masu saƙa suna nan, gangar ma tana nan. Abin da ya canza shi ne muryar. Kinsella ya shekara 15 yana waƙa shi kaɗai, muryarsa ta yi kauri ta zauna, ya kuma koyi gina waƙa mai baiti da amshi. Sai aka fito da muryar gaba, aka ɗora ta a saman kiɗan, kalmomin suka yawaita. Abin da yake faɗa ma ya tashi daga soyayyar ɗalibi ya koma damuwar mutum mai shekara 39: aure da ya yi sanyi, giya, ganin laifin kai, rashin sanin inda aka dosa. Ƙorafin da ya fi yawo a bakin masoya shi ne wannan faifan Owen ne aka sa masa rigar American Football. Lokacin ma bai taimaka ba, domin a watan Yulin shekarar, wata uku kacal kafin LP2, Kinsella ya saki wani faifan Owen da aka naɗa da cikakken rukunin makaɗa. Duk mai son kwatantawa ga kayan aiki a hannunsa.

A ganina wannan ƙorafi yana da gaskiya, kuma ya fi yawancin sharhin ƙwararru kama bakin zaren. Sai dai masu yin sa ba su bi shi har ƙarshe ba. Matsalar ba ingancin muryar ba ce, domin ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce shirun nan ya tafi. Filin da mai sauraro ya saba shimfiɗa tabarmarsa a ciki, yanzu mawaƙin ya cika shi da nasa bayanin. Faifan farko yana ba ka wuri ka yi tunanin kanka, na biyu yana neman ka zauna ka saurari matsalar wani, kuma wanin nan magidanci ne da ke gunaguni a kan rayuwar da shi ya zaɓa. Akwai waƙoƙi a ciki da suka cancanci a zauna musu, musamman ta farko, wadda take buɗewa a hankali kafin ganga ta shigo. Akwai kuma inda kalmomin suka yi nauyi fiye da kima, tausayin kai ya yi yawa har ya gundura. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa an ci amana. Wanda ya bar gida yana yaro ya shekara 17 yana kewar miyar mahaifiyarsa, ranar da ya dawo aka zuba masa ya ce ba haka take ba, yana iya yiwuwa hannun tsohuwa ya canza, amma harshensa ma ba na da ba ne, kuma shi ba zai taɓa lissafa wannan ba.

Masu sharhi fa, me ya sa suka fi sassauci? Za a iya cewa sun fi nutsuwa wajen sauraro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mai sharhi aikinsa ne ya tambayi abin da faifai yake ƙoƙarin yi kafin ya yanke hukunci, kuma da yawansu sun gane cewa mutum mai shekara 39 da zai kwaikwayi kukan ɗan shekara 22 abin dariya zai zama. Amma akwai wani abu bayan wannan. Gidajen sharhin kiɗan masu zaman kansu suna da tsohon bashi a wuyansu game da emo. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, shafin Pitchfork, wanda makinsa na 0 zuwa 10 ke iya ɗaga ƙungiya ko ya kayar da ita, ya yi suna wajen yi wa wannan kiɗa ba'a. Faifan Jimmy Eat World na 2001, wanda ya sayu sosai kuma har yau ake ji da shi, makin da ya samu a can bai kai 5 ba. Ana ganin emo kukan yaran da ba su san wahala ba ne. Da aka shiga shekarun 2010 sai sabon zubin marubuta ya hau kujerun, mutanen da suka tashi da waɗannan faifai a kunne, irin su Ian Cohen, suka shiga wanke sunan salon. Sake bugun 2014 ya samu babban yabo a Pitchfork ɗin. A watan Maris na 2016 mujallar Rolling Stone ta jera faifan emo 40 da ta ce sun fi kowanne, ta sa na American Football a matsayi na 6. Gidan da ya gama naɗa wa ƙungiya rawani a watan Maris, da wuya ya tuɓe shi a Oktoba. Don haka idan ka karanta sharhin LP2 da yawa za ka ga rabin rubutun a kan faifan 1999 yake, da tarihin gidan, da mamakin dawowar, sai can ƙasa a taɓa sababbin waƙoƙin da ladabi. Su ma ashe tsohon faifan suke aunawa, kamar masoyan, bambancin kawai shi ne su ya sa su sassauci, masoyan ya sa su tsanani.

Akwai kuma batun yadda ake jin muryar kowane ɓangare. Mai sharhi yakan samu faifai kafin ya fito, ya rubuta hukuncinsa cikin 'yan kwanaki, a buga da sunansa da maki, shi ke nan an rufe. Zai yi taka-tsantsan, domin rubutun zai bi shi. Masoyi kuwa ba ya sa hannu a kan komai, yana iya yanke hukunci bayan waƙa ta uku, kuma wanda ransa ya ɓaci ya fi saurin rubutu a kan wanda ya ji daɗi ya yi shiru. A shafuka irin su Rate Your Music, inda masu sauraro ke ba da maki da kansu, LP2 ya zauna ƙasa da 'yan'uwansa biyu. Amma zaurukan wasan ba su daina cika ba bayan 2016. Masu tsaki a intanet da masu layin tikiti sau da yawa mutane ɗaya ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a gidan emo, kuma abin da ya sami American Football wasa ne in aka kwatanta da na Jawbreaker. Wannan ƙungiya ta Kalifoniya ta sha faɗa a bainar jama'a cewa ba za ta shiga hannun babban kamfani ba, sai ga shi ta sa hannu da DGC, reshen kamfanin Geffen, ta fitar da Dear You a 1995 da sauti a goge da murya a tace. Masoya suka ɗauki abin cin amana na gaske. A wuraren wasa wasu sukan juya wa dandamali baya idan aka fara sababbin waƙoƙin. Faifan bai sayu ba, ƙungiyar ta watse a 1996. A jerin Rolling Stone ɗin nan na 2016, Dear You ne na 4, sama da American Football, kuma da Jawbreaker suka dawo a 2017 su ne manyan baƙi a bikin Riot Fest na Shikago. A 2002 ma The Promise Ring da The Get Up Kids kowacce ta sassauta kiɗanta a sabon faifai, kowacce ta sha da ƙyar a hannun mutanenta. Kiɗan da ya ginu a kan cewa mawaƙi da mai sauraro abu ɗaya ke damunsu, duk ranar da mawaƙin ya motsa, mai sauraron sai ya ji kamar an tafi an bar shi. Wannan ba ya nufin duk faifan da masoya suka ƙi zai zama gwani daga baya. LP2 bai samu irin wannan juyin ba, kuma ban ga alamar zai samu ba. Matsakaicin faifai ne mai waƙoƙi uku ko huɗu masu kyau.

Amfaninsa ya fito ne ranar 22 ga Maris 2019, da faifai na uku, LP3, ya sauka. Sutudiyo ɗaya, mai haɗa sauti ɗaya, amma tun daga bango ka san an sauya hanya: babu gidan, sai fili da hazo. Waƙar farko ta haura minti 7, kuma ba da jita take buɗewa ba, da ƙarafa ne masu amon ƙararrawa da ake bugawa da sanda. Nate Kinsella, wanda a LP2 yake kamar ɗan rakiya, a nan hannunsa ya fito a tsarin kiɗan. An mayar da muryar Mike cikin kiɗan, an lulluɓe ta da amsa-kuwwa, waƙoƙin suka yi tsawo, filin nan da ya ɓace ya dawo ta wata ƙofar. Suka kuma gayyato mata uku su yi waƙa tare da shi: Rachel Goswell ta ƙungiyar Slowdive ta Ingila, Elizabeth Powell ta Land of Talk daga Kanada, wadda ta rera wani ɓangare da Faransanci, da Hayley Williams ta Paramore. Jigon bai yi sauƙi ba, ya ma ƙara nauyi, domin yanzu maganar uba ce, mutum yana ganin halin mahaifinsa a jikinsa yana tsoron kada ya gadar wa ɗansa. Amma da yake akwai wata murya da ke amsa masa, gunagunin ya zama zance tsakanin mutum biyu.

Masu sharhi suka yaba fiye da na baya, wannan karon kuma a kan sababbin waƙoƙin suke magana. Masoya ma suka karɓa. Dalili ɗaya shi ne faifan ya fi kyau, ba sai an yi dogon bincike ba. Dalili na biyu shi ne LP2 ya riga ya sha dukan. Duk wanda ke jiran a dawo masa da 1999 ya gama fushinsa a 2016, ya san ba za a dawo ba, don haka ya zo wa na uku da kunnen da bai ɗaura wa rai komai ba. Da a ce LP3 ne ya fito a 2016, da ƙarafansa da baƙin muryoyinsa kuma babu gidan a bango, ina kyautata zaton da shi ma ya sha nasa rabon. LP2 kuwa ya tsaya ne a tsakiya, ya yi kama da na farko har ya jawo kwatanci, bai kuma kai kamar da za ta gamsar ba.

Shigar Hayley Williams ma abin lura ce. Ita ce fuskar ɓangaren talabijin, wanda 'yan ɗakin ƙasa suka shekara goma suna cewa ba emo ba ne. A 2006 da an ji ta a faifan Polyvinyl da an yi ta surutu. A 2019 waƙar da ta fito a ciki ita ce ta fi kowacce farin jini a faifan. Masu tsaron ƙofar sun girma, wasu sun gaji, kuma matasan da suka zo daga baya ta Spotify da YouTube suka tarar da ɓangarorin biyu a jere ɗaya, ba su ga dalilin gabar ba.

Duk da haka kasuwa ba ta ɓoye inda zuciyar jama'a take ba. A 2020 shafin Vulture ya jera waƙoƙin emo 100, ya sa Never Meant, wadda ta buɗe faifan 1999, a kan gaba. A 2023, da aka ji ana iya rushe gidan titin West High don a yi sabon gini, ƙungiyar da Polyvinyl da Chris Strong da wasu abokansu suka haɗa kuɗi suka saye shi. A 2024 suka yi zagayen cika shekara 25, suna kaɗa faifan farko daga farkonsa har ƙarshe, aka sake buga shi a faifan garmaho, aka kuma fitar da wani kundi inda wasu mawaƙa suka sake rera waƙoƙin 9 kowa da salonsa. A cikinsu akwai Ethel Cain, wadda aka haifa a 1998, tana da shekara ɗaya lokacin da aka naɗi na asalin. Ta ɗauki waƙar da ba ta fi minti uku da 'yan kai ba, ta ja ta har kusan minti 10, ta sauya mata kama gaba ɗaya, kuma masoyan suka yi marhabin da ita.